Dutsen da Baba Yake Jira

Talata, 3 ga Yuni
Na hau tudu na sauya takardun tace iska kamar kowace Talata. Farare nake sa su, ruwan toka nake cire su. Shekara goma sha huɗu ke nan ina wannan aiki a gandun daji. A fom, wurin da ake tambaya ko ana hango Dutsen Sirdi, na rubuta: ba a gani. Mil sittin ne kawai. A zamanin da Baba yake gadin gobarar daji a hasumiyar tudun nan, wai har itatuwan kafaɗar dutsen yake ƙirgawa. Ƙarya ce mana, amma dai yana ganinsa.

Alhamis, 12 ga Yuni
Likita ya faɗa ba kwana-kwana: idon Baba na dama ya tafi, na hagu ba zai kai lokacin sanyi ba. A mota, da muka kusa gida, Baba ya juyo gare ni. "Loretta, ranar da dutsen ya fito, ki zo ki ɗauke ni. Ko ina wanka ne." A kan dutsen muka watsa tokar Mama bayan an ƙona gawarta, kamar yadda ta yi wasiyya. Ƙafarsa ba ta iya hawa can yanzu. Gani kawai yake so, sau ɗaya.

Alhamis, 10 ga Yuli
Taron jin ra'ayin jama'a kan shirin jiha na rage hazo. Mu tara ne a zauren, biyu kofi ya kawo su. Mista Dunleavy daga babban birnin jiha ya haska zane a bango, layi yana ta gangarowa, wai sararin sama zai koma yadda Allah ya yi shi a 2064. Tashar lantarki mai ƙona kwal kuma an ƙara mata shekara huɗu kafin ta sa na'urar tace hayaƙi. Baba ya ɗaga sandarsa.
"Yaro, shekarata tamanin da ɗaya. A ina zan zauna in jira?"
Aka yi dariya. Ni ban yi ba.
Na tambayi ranakun hayaƙin gobarar daji. Ya ce ana ware su, ƙazantar da mutum ya haddasa ake bi. Wato ranakun da ko motata ba na gani daga hasumiya, ba su cikin labarin. Tabɗijam! Shi ba mugu ba ne, har ya riƙe wa Baba ƙofa. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Talata, 22 ga Yuli
Ba a gani.

Talata, 5 ga Agusta
Gobara a yamma, mako biyu ke nan. Rana ta yi ja kamar lemo. Takardun sun fito baƙi ƙirin. Baba ya kira ina kan tudu, kamar kullum. "Ya fito?" Na ce tukuna. Ya ce, "Uwarki dama ba ta taɓa shiryawa a kan lokaci ba." Na ajiye waya na zauna a kan dutse na yi kukana. Na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Lahadi, 17 ga Agusta
Baba ya zuba gishiri a kofi maimakon sukari. Ya shanye don kada in gane.

Talata, 2 ga Satumba
Ba a gani. Na aika wa Dunleavy hotunan mako goma sha huɗu a jere, duk fari fat kamar an rataya zanin gado. Ya amsa da godiya, za a sa a fayil. Su suna da shekara arba'in, mu muna da ido ɗaya.

Lahadi, 14 ga Satumba
Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Da safe Baba ya kasa gane fuskata sai da na yi magana. Na ce, "Baba, sa takalmi. Ya fito." Bakina ne ya faɗa kafin in yi tunani.
Muka hau. Hazo ne zalla, ko kwarin da ke ƙasanmu da ƙyar ake gani. Na juya kafaɗunsa wajen arewa maso yamma, ya ture hannuna. "Ke za ki nuna min? Tun ba a haife ki ba nake kallonsa." Ya daɗe a tsaye, ya cire hula.
"Akwai sauran ƙanƙara a lotsawar sirdin?"
Na ce akwai, kaɗan.
"Haka ne, ba ta narkewa a nan." Sai ya kira sunan Mama a hankali, "To, Maxine, ga ni."
A hanyar gida ya sa na tsaya, ya ci gasasshen nama da dankali, ya tsokani matar da ke kawo abinci. Ni ko loma ɗaya ban ci ba. Shekara goma sha huɗu ban taɓa rubuta abin da ban gani ba. Ko ya sani? Ban tambaya ba, ba zan tambaya ba.

Talata, 23 ga Satumba
Yau Baba bai kira ba. Idon hagun ma ya rufe, sai haske da duhu.

Talata, 7 ga Oktoba
An yi ruwa kwana uku. Na hau tudu, ina fitowa daga mota sai ga dutsen nan, shuɗi, kamar in miƙa hannu in taɓa. Babu ƙanƙara a lotsawar, ko ɗigo. Na ciro waya, na mayar da ita aljihu. Me zan ce, ya fito? Ai a wurin Baba ya riga ya fito tun Satumba.
Na rubuta a fom: ana gani. Dunleavy zai ji daɗi.
Da na koma gida Baba ya tambayi yadda tudu yake. Na ce lafiya lau, na dafa masa kofi. Takardun kuwa, a can tudu sai da na juya wa dutsen baya na sauya su. Saboda iska ce kawai, daga can take kaɗowa.