Talata Ranarmu Ce

Litinin, 6 ga Nuwamba, 1961
Sai da na maimaita labarin a jarida kafin na yarda. Majalisa ta soke dokar lasin hanya. Duk mai babbar mota ya ɗebi gyaɗa ya bi inda ya so, ranar da ya so. Na hau kan buhu a tashar Dutsin-Ma na karanta wa kowa, ni da ban taɓa zama aji ba. Shekara nawa ina karen mota a bayan Yaya Ilu saboda motoci ƙalilan ke da lasin? Yanzu sababbi za su shigo, dole su nemi direba.

Alhamis, 9 ga Nuwamba
Sun cire shingen hanyar Kurfi. Hanyar ba ta ɗaukar mota biyu, shi ya sa tun ina yaro aka raba ranaku: Talata, Alhamis, Asabar mu tafi, sauran ranaku na can su taho. Baba Ɗanmusa mai tsaron shingen na tsaye da jan ƙyallensa kamar wanda aka kora daga gidan biki.
Na ce, "Baba, sai a yi wa jika riga da shi."
Ya ce, "Ɗana, dokar ta ƙara wa hanyar faɗi?"
Na ce ya tambayi majalisa. Aka yi dariya. Yaya bai yi ba.

Talata, 14 ga Nuwamba
Motoci ko'ina, har da wata mai ƙofa ɗaure da igiya. Yaya har yanzu tsakiyar hanya yake bi. Ina saman kaya ina hango masa gaba, in na ga mota in buga rufi. Da muka sauka ya ce, "Kai Tukur, za ka fasa min kai. Yau Talata, ranarmu ce." Na ce Talatar ta mutu, an binne ta a Kaduna. Ya ja min kunne, ya saya min tsire.

Litinin, 20 ga Nuwamba
Alhaji Mahmuda ya sayo mota, gobe zai gwada hannuna. Yaya ya ce, "Je ka, direba. Ni da hanyar nan mun san juna."

Talata, 21 ga Nuwamba
Kwanar Rawayau. Inna lillahi.

Juma'a, 24 ga Nuwamba
Sun ce gaba da gaba Yaya ya yi da wata mota. Sun ce bai ko rage gudu ba. Babu kowa a saman kaya.
Masu gaisuwa sai "ƙaddara" suke cewa. Na sani. Amma waɗanda suka ɗaga hannu a majalisa, wa ya taɓa ganin kwanar nan? Da sun gani da sun san dutsen ya tare ido. Sun saki motoci, sun bar hanya yadda take. Na faɗi haka a zaure, kawu ya ce in yi wa bakina linzami, gidan makoki ne.
Sakinatu, matar Yaya, ba ta kuka a gabana. Ta miƙo min hularsa. Ta ce, "Kullum da safe sai ya tambaye ni yau wace rana."

Laraba, 29 ga Nuwamba
Baba Ɗanmusa ya zo gaisuwa. Na sunkuyar da kai ina jiran maganar. Addu'a kawai ya yi, ya dafa kafaɗata. Gara ya zage ni.

Asabar, 2 ga Disamba
Alhaji ya aiko, mota na jirana. Na ce gobe. Jaridar nan Inna ta kunna wuta da ita, ban hana ba.

Talata, 12 ga Disamba
Na je Rawayau ne don in ga wurin, ba don komai ba. Na tarar da Baba Ɗanmusa a kan dutsen, ba wanda ya sa shi, yana ɗaga ƙyalle. To mutum ɗaya ba ya ganin ɓangare biyu. Ya yage ƙyallen ya miƙo min rabi. Na tsaya ta wajen Kurfi. Wani direba ya leƙo ya ce, "Malam, an soke wannan, ba ka karanta ba?" Na ce ban iya karatu ba.
Alhaji ya ba wani motar. Ba zama zan yi a nan ba, kafin kakar gyaɗa ta wuce ne kawai. Hular ta yi min yawa, amma tana tare rana.