Daga Kwanar Kasuwa Zan Tura Shi

Zuwa ga yayana Iliya,

Gaisuwa da bangirma, irin ta ƙane ga wansa. Shekara uku ke nan da ka tafi wurin Ubangiji, sai yau na sami abin da ya sa ni zaman rubuto maka. Maganar moto ce, Yaya. Na san za ka ce daman me zai kawo ni wurinka in ba ita ba.

Akwai wani mai ƙafa biyu na sayarwa a garejin Malam Hamani, a unguwar Kalley nan Yamai. Babba ne, na doguwar tafiya, mai ƙaton tanki da akwatunan ƙarfe biyu a gefe, irin naka sak da muka sayar bayan rasuwarka. An ce wani Bature ne ya ƙetaro hamada da shi tun da daɗewa, ya bar shi a Yamai ya hau jirgi. Ya tsufa, fenti ya koɗe, sirdin ma an ɗinke shi da zare kala biyu. Sati biyu ke nan ina bi ta gabansa in na tashi aiki daga asibiti, ina yi kamar hanyata ce, alhali a unguwar Gamkalley nake zaune, ba ta nan nake bi ba.

Ka san dalili. Inna tana Dutsi ita kaɗai, ƙafa ta fara ƙi. Hutuna kwana ɗaya da rabi ne, in na bi motar haya rabinsa a tasha da hanya yake ƙarewa. Rabona da ita tun Ista. Kai kuwa duk Asabar ta biyu kana can kafin rana ta yi tsaka, da buhun shinkafa ɗaure a baya. Ina jin kunyar wannan, ba zan ɓoye maka ba.

Ranar da na fara tsayawa, Malam Hamani ya tayar da shi, bugu ɗaya ya kama. Na kai hannu kan injin, na ji shi da ɗumi. Sai maganarka ta faɗo mini: "Kada ka yarda da moton da aka ɗumama maka. Je masa da safe yana sanyi, lokacin ba ya iya ƙarya." Na ce masa sai na dawo.

Jiya na yi sammako, ko shara ba a yi wa garejin ba. Na ɗora tafin hannuna a kan injin, sanyi ƙalau. Ni da nake taɓa marasa lafiya kullum, ban zaci ƙarfe zai tuna mini da goshinka ba, safiyar da zazzaɓin ya sake ka, kai ma ka sake mu. Na daɗe ban ɗauke hannun ba, har Malam Hamani ya kau da kai, ya shiga neman abin da bai ɓata ba.

Na leƙa ƙasa, babu ɗigon mai. Na girgiza ƙafar baya kamar yadda ka koya mini, ba ta yi wasa ba. A bugu na biyu ya tashi, hayaƙin ma bai taka kara ya karya ba. Duk jarrabawarka ya ci.

Ƙarar ce matsalar, domin taka ce. Gurnanin nan mai nauyi da Inna ke ganewa tun kana kwanar kasuwa, ta bar abin da take yi, ta ɗebo ruwan randa ta tsaya bakin ƙofa. Maƙwabciyarta Saratu ta gaya mini har yanzu in babban moto ya wuce takan miƙe, sai ta kai tsakar gida ta tuna, ta koma ta zauna. Ina tsaye a garejin na hango ranar: ta ji ƙarar nan ta tsaya daidai ƙofarta, ta fito da kwanon ruwa, ta tarar ni ne. Na san za ta yi murna. Amma akwai ɗan lokacin da zai riga murnar zuwa, kuma ba na son ganin fuskarta a cikinsa.

Na wuni ina juya abin. In na bar shi, sau uku a shekara Inna za ta ci gaba da ganina. In na saya, na kai mata muryar ɗan da ba zai shigo ba.

Zan saya, Yaya. Amma da na kai kwanar kasuwa zan kashe shi, in sauka, in tura shi har gida, don ta ga fuskata kafin ta ji komai. In zan komo ma haka zan turo shi. Yana da nauyi, ga yashin layinmu, ka san shi. Kai ne kake cewa duk wanda aka gani yana tura moto, moton ne ya hau shi. Mutanen unguwa za su ce ƙanen Iliya ya sayo matacce. Su faɗa. Kai ma yi dariyarka daga can, na yafe maka.

Ubangiji ya ba ka hutawa a wurinsa, ya ƙara wa Inna kwana da lafiya, ya kai ni Dutsi ranar Asabar in same ta zaune. Amin.

Ƙanenka mai kewarka,
Dauda