Maigidana da Karensa Suna Ta Ƙiba Tare

Abla Sawsan, don Allah ki taimake ni kafin in yi abin da zan zo ina da-na-sani. Ban faɗa wa kowa wannan maganar ba, ko 'yata.

Bara aka yi wa maigidana, Ra'afat, aikin zuciya. Tashin hankalin da na gani a bakin ɗakin tiyata ba na fatan ko maƙiyina ya gani. Da aka sallame shi likita ya ce ya bar shisha, ya bar maiƙo, ya riƙa tafiyar ƙafa kullum. Shi kuwa tun da ya yi ritaya daga tashar jiragen ruwa, daga kujera sai gado. Sai 'yarmu Nirmin ta kawo mana wani jan kare, ta ce Baba ba zai fita don kansa ba, amma zai fita don wannan. Suka sa masa suna Simsim.

Ni ba na son kare, Abla, ban taɓa so ba. Amma na haƙura. Barandar da nake shanya ta zama ɗakinsa, gashi ko'ina, kayan sallata sai na kulle su a kabad, maƙwabciyata ta hawan sama ta daina shigo min. Duk na shanye, domin kowace safiya ina ganin Ra'afat ya ɗaura takalmi ya ɗauki igiya sun nufi bakin teku. Sai hantsi su dawo, yana fifita da hula yana cewa yau sai da suka dangana da gadar Stanley. Ni kuma in tare shi da dafaffen ganye ba gishiri, in zauna mu ci tare don kada ya ji shi kaɗai aka hana.

Sai dai karen ƙiba yake ta yi. Wandunan Ra'afat ma suka daina rufuwa, ya ce wai ni nake tsuke su a wanki.

Makon jiya mura ta kwantar da shi, karen ya dame ni da kuka, na ɗauki igiya muka sauka. Na juya wajen teku, ya ƙi. Ya ja ni har ina tuntuɓe, muka shiga wani lungu a bayan layinmu, gidan shayin Mu'allim Subhi. Kai tsaye ya wuce ƙarƙashin wani tebur ya kwanta kamar gidan ubansa. Tsofaffi masu wasan domino suna ta kiran sunansa. Mu'allim ya fito da burodi da soyayyiyar hanta ya ajiye masa, yana tambayata ina Ustaz yau, ga shisharsa an haɗa tun ɗazu. 

Ashe gadar Stanley ke nan!

Har yanzu ban yi wa Ra'afat maganar ba. Ina zuba masa abinci kamar ban san komai ba. Wani lokaci in ji kamar in mayar da karen, wani lokaci in ji kamar in kira likita in tona masa asiri a gabansa. Nirmin na da tsohon ciki, ba na so in ɗaga mata hankali. Ba ƙaryar ce kaɗai ke ci na ba. Mutumin nan so yake ya sake mayar da ni bakin ɗakin tiyata. Yaya zan yi?

Wadda Ta Gaji, Sidi Bishir, Iskandariyya

*

'Yar'uwata, kina da gaskiyar yin fushi. Kin sauya girkinki da gidanki don ransa, shi kuma ya yaudare ki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma ki duba ta wajensa. Mutumin da ya rabu da aiki, ya leƙa mutuwa, ya dawo gida aka mayar da shi majinyaci, a wancan lungun ne kawai ake ganinsa Ustaz Ra'afat kamar da. Kuma da yawa daga waɗanda aka yi wa irin aikinsa tsoron tafiya mai nisa suke yi, da numfashi ya ɗan sarƙe su zaci ciwon ne ya dawo, kunya ta hana su faɗa. Ki tambaye shi ko haka ne.

Ki yi masa magana yau, ku biyu, ba a kan abinci ba. Ki ce kin je, kin gani. Ki faɗa masa tsoronki kafin ki faɗa masa laifinsa. Dole likita ya san maganar shisha da ƙibar, amma ku je tare, ya faɗa da bakinsa. Ki bar Nirmin ta haihu lafiya tukuna.

Kada ki mayar da karen. Shi ne ke fitar da mijinki daga gida, kuma shi ma yanzu tafiyar yake bukata. Kada ki ce za ki raba mijinki da gidan shayi, ba za ki yi nasara ba. Tafiya ta zo farko, gwargwadon abin da likita ya yarje, sannan shayi da domino, ba hayaƙi, ba hanta. Ki roƙi Mu'allim Subhi ya taya ki, ba ya so ya rasa abokinsa.

Ki kuma nemi takalmi mai taushi ki riƙa bin su, ba don gadi ba. Kin shekara kina tsaron zuciyar wani, taki ma tana bukatar iskar teku. Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya sanyaya miki rai, Ya sauki Nirmin lafiya.

Abla Sawsan