Mayar Masa da Abinsa

Litinin, 5 ga Agusta

Tun ranar da Penitito ya rasu wayata ba ta yi shiru ba. Ƙirin, ƙirin, kamar injin ɗumama abinci ya gama aikinsa. Wai gudummawar jana'iza ce ke shigowa. Mijina ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa bas a Brisbane, babu gidan rasuwar da bai taka ƙafa ya je ba, yau nasa ya zo, ta'aziyyarsa ta zama ƙirin.

Vaiula ce ta haɗa mini wannan tsiyar bara. 'Yata ce, amma a nan aka haife ta, hankalinta duk yana cikin waya. Ta ɗaure lambata da asusun banki, wai duk mai son turo kuɗi lambar kawai zai danna, kafin ya ɗaga yatsa sun iso. Ta ce, "Mama, ai sauƙi ne." Na ce sauƙin wa? Sauƙin wanda ke ƙyashin ya yi wanka ya zo ya zauna a ƙasa ya kalli idona.

A gida Samoa dangi jerin gwano suke yi, a warware tabarmar girma kowa ya gani, a ajiye ambulan, mai magana ya yi magana. Zumunta a ƙafa take. Yanzu ta koma babban yatsa.

Asabar za a binne shi. Ƙanena Faleniko, wanda muke ce wa Niko, har yau bai kira ba.

Talata, 6 ga Agusta

Dangin Penitito na Auckland sun zo yadda ake zuwa, da tabarmi da komai. Na yi kuka har na ji sanyi a raina.

Bayansu 'yan Melbourne suka shigo garejin da muka shimfiɗa. Tsoho Simanu ne kakakinsu. Ya dogara sandarsa, ya fara da sunayen kakanni, ya gangaro a hankali har ya iso inda ake cewa, "Mun zo da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, muna jin kunyar miƙa shi…" Sai ƙirin a cinyata. Kowa ya ji. Kuɗin sun riga maganarsa isowa. Bawan Allah ya juya yana neman ambulan ɗin da zai ajiye, babu. Wata mata mai jan farce ta ɗaga wayarta sama tana nuna wa jama'a shaidar biya, kamar mai nuna tikiti a ƙofar jirgin ƙasa.

Simanu ya ƙarasa da ƙyar. Yana fita na ji yana ce mata, "Gobe sai ki ba wayar sandar, ita ta yi jawabin."

Da ba gidan makoki ba ne da na tafa masa.

Laraba, 7 ga Agusta

Na Faleniko sun shigo. Dala dubu takwas. A wurin da ake rubuta dalilin turawa ya sa, "Don jana'iza, Yaya." Shi ke nan. Ko mai biyan kuɗin wuta ya fi haka bayani.

Ni da shi kaɗai mahaifiyarmu ta haifa. Ni na goya shi, ni na kawo shi ƙasar nan, a falona ya kwana har ya samu aikin haƙar ma'adinai a can yamma ya auri baturiyarsa Narelle. Penitito ne ya koya masa tuƙi. Tun yana ƙarami ake gaya masa 'yar'uwar mutum ita ce ƙwayar idonsa, in ta yi fushi da kai ba za ka ga daidai ba. Yau ƙwayar idon ta yi rashi, ya danna mata waya daga inda yake zaune.

Vaiula ta ce, "Wataƙila babu layi a wurin aikinsu." Na ce layin da ya ɗauko dala dubu takwas ya kasa ɗauko murya?

Ban ci abinci ba. Gwazar ma ba ta dahu ba, yaran yanzu komai sauri.

Alhamis, 8 ga Agusta



Da safe muka zauna rabon abin da za a mayar. Duk gidan da ya kawo, ana maida masa da wani kaso, a haɗa da kwalin kaza da naman gwangwani, kada ya koma hannu rabbana. Kaso ake mayarwa. Ba a mayar da duka, sai in ana nufin ba ni ba kai har abada. Wannan ko yaron goye ya sani. Na ɗauka Vaiula ma ta sani.

Ni da Vaiula ne da Gwaggo Sieni, ƙanwar babanmu, wadda ta haura tamanin. Vaiula na karanta sunaye daga wayata. Ta zo kan na kawunta ta ce, "Shi nawa za a mayar?"

Na ce, "Mayar masa da abinsa. Duka. Ba na so. Ba kuɗi na rasa ba."

To ai haka ake cewa! Haka mahaifiyata ta ce a rasuwar babanmu, lokacin da wanta ya aiko yaro da ambulan bai zo da kansa ba. Ambulan ɗin ya kwana a kan kabad, tsofaffi suka yi ta zuwa suna ba ta haƙuri, ta ƙi, suka dawo, ta yi kuka, aka kira shi ya zo ya durƙusa, ta karɓa. Ana faɗar fushi ne don a lallashe shi. Gwaggo Sieni ma har ta ajiye kofin shayinta, ta gyara zama, ta yi gyaran murya. Na ga bakinta ya buɗe za ta fara "Haba Leitu".

Vaiula ta ce, "Na tura."

Na ce, "Kin tura me?"

"Kuɗin Kawu. Sun tafi. Ga shi, har an nuna sun shiga."

Gwaggo ta dafe ƙirji. Ta ce, "Yarinya, kin yanke wa uwarki hannu."

Vaiula ta fara kuka. "Ita ta ce! Mama, ke kika ce duka! Kullum kina cewa ba na jin magana, yau na ji!"

Na ce ta kira banki yanzun nan. Wata yarinya mai zaƙin murya ta ɗauka, ta ce tana taya mu baƙin ciki, amma irin wannan turawar ba a tsayar da ita, sun riga sun zauna a asusunsa. Wai shawararta, in tuntuɓi wanda aka tura wa in roƙe shi ya dawo da su. In roƙi Niko! Na ce a tambaye ta, su da suka ƙirƙiro abin, babu mai uwa a cikinsu? Ba su san mutum yakan faɗi abin da bai kai zuci ba? Vaiula ba ta fassara mata ba.

Magana zarar bunu ce, na sani. Amma da can ko an zare, akan samu mai riƙe hannunka kafin ka yar. Wannan abin ba shi da kunne, ba shi da kunya, ba ya jiran tsohuwa ta gama gyaran murya.

Juma'a, 9 ga Agusta

Narelle ta kira. 

Ta ce, "Yaya Leitu, me ya yi miki?" Wai jiya yana filin jirgi na Perth, a kan layi, jakarsa a hannu. Ya sha wahala kafin a ba shi hutu. Ya turo kuɗin tun da wuri ne don a biya akwatin gawa da zauren coci, bai kira ba saboda in ya ji muryata zai fashe da kuka a gaban abokan aiki, ya ce gara ya yi kukan a gabana. Yana kan layin wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya fita daga layi, ya koma gida. Tun jiya yana zaune a bayan gida, bai ci ba, ya kashe wayar. Abu ɗaya ya ce mata: "Yayata ta rufe mini ƙofa. Ba ni da wurin tsayawa a kabarin."

Ta ce, "Ni ban gane al'adarku ba. Kuɗi ne fa kawai, sun je sun dawo. Ki gaya mini abin da zan ce masa."

Kuɗi ne kawai. Ita ma ga ta nan.

Da na ce mata kuskure ne. Kalmar tana bakina. Amma Gwaggo na zaune, matan coci na yanka albasa suna kasa kunne, ga baturiya tana tambayata me ƙanena ya yi mini. Na ce, "Ki ce masa shi babba ne, ya yi abin da ya ga dama." Na ajiye.

Da yamma, bayan addu'ar dangi, na shiga banɗaki na kira lambarsa. A kashe.

Asabar, 10 ga Agusta

An binne Penitito. Kusurwar akwatin da Niko zai riƙe, wani direban bas ne ya riƙe, ban ma san sunansa ba.

Lahadi, 11 ga Agusta

Gida ya watse. Kwalayen kaza sun ƙare, an naɗe tabarmi.

Vaiula ta zo ta tsaya a bakin ƙofa tana murza yatsu. Wai ta yi tunani, ko da ya kashe kira, saƙon banki zai gani in ya kunna. In tura masa dala ɗaya, in rubuta abin da nake so a wurin dalili. Na ce wato in nemi ɗan'uwana da dala ɗaya, a layi guda, tsakanin kuɗin mai da na kanti? Macijin da ya sare ni shi zan aika ya kai magani?

Ta ce, "To ki hau jirgi." Na ce ni ce babba.

Ta ce, "Mama, ke da wayar nan ban san wa ya fi sauri ba." Ta fita kafin in samu abin jifa.

Litinin, 12 ga Agusta

Ruwa tun safe. Na ɗora tukunya na auna shinkafar mutum uku, na manta.

Talata, 13 ga Agusta

Gari na wayewa Vaiula ta tashe ni. Ta ce, "Mama, akwai mutum a ƙofar gida. Ya lulluɓe."

Na leƙa ta taga. A kan ciyawa, kusa da kwandon shara, mutum durƙushe, an rufe shi da tabarmar girma tun daga kai har ƙasa. Narelle na tsaye can bakin titi jikin motar haya, ta rungume hannu. Irin zaman da ake yi a gida in mutum ya yi babban laifi: ya lulluɓe a ƙofar waɗanda ya ɓata wa, ba zai motsa ba, ko rana ko ruwa, sai sun fito sun yaye masa. In ba su fito ba, shi ke nan. Sau ɗaya na taɓa gani ina yarinya, kuma ran nan jini aka zubar. Ban taɓa zaton zan gani a unguwarmu ta Woodridge ba, maƙwabcinmu na wucewa da karensa yana waige.

Na gane tabarmar daga jan gashin tsuntsun da ke bakinta. Ta mahaifiyarmu ce. Na gane ƙafafun ma, takalmin aiki ya lalata masa farce.

Vaiula ta ce, "Ki je ki ɗaga masa, Mama, ciyawar a jiƙe take."

Na fita ba takalmi. Na tsaya a kansa. Ina jin numfashinsa, yana rawar sanyi. Ta ƙarƙashin tabarmar ya ce, "Yaya, na yi laifi. Na aiko kuɗi kamar baƙo. Ban ɗauki Penitito ba. Ki yafe mini."

Wanda aka yi wa laifi shi ke yayewa. Na miƙa hannu na kama bakin tabarmar, hannun ya ƙi ɗagawa.

Gwiwoyina dama ba su da kirki, kowa ya sani, ga sanyin Agusta. Shi ya sa na durƙusa. Da na durƙusa kuma iska na kaɗawa, sai na ja gefen tabarmar na shiga. Ciki duhu-duhu, warin kabad ɗin mama. Kansa duk furfura, ban san ya yi furfura haka ba.

Ya ce, "Yaya, me kike yi? Ba nan ne wurinki ba."

Na ce, "Rufe mini baki, wawa. Matsa."

Ya matsa. Muka yi kukan Penitito a nan, kafaɗa da kafaɗa, ban san tsawon lokacin ba. Can na ji Narelle na tambaya a hankali, "To yanzu wa zai ɗaga musu?" Vaiula ta ce, "Ni ma ban sani ba." Ta zo ta tsuguna kusa da mu ta ce, "Mama, in ɗaga?"

Na ce ta ɗaga. Ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Da gaske kike, ko in jira Gwaggo?"

Niko ya fashe da dariya cikin majina. Na ce da gaske nake.

Yanzu yana barci a falo, ya cinye gwaza tukunya guda. Maganar kuɗin ba wanda ya tayar. Gobe zan kai shi kabarin. Zanena na makoki duk ya yi koren ciyawa a gwiwa, Vaiula ta ce za ta wanke, na ce ta bar shi tukuna.