Ranar da Tsamin Lemo Ya Dawo Bakina

Zuwa ga Ilona, matata, sanyin idona, hantsin da ke fara narkar da ƙanƙarar bakin tafki, inuwar da na shekara talatin da ɗaya ina hutawa a ƙarƙashinta,

Ina gaishe ki, ina gaida 'yarmu Kaisa da jaririnta, ɗan ƙwacen da ya riƙe mini ke mako uku cur a Duluth. Ki sumbace shi, amma ki gaya masa kakansa na jiran a dawo masa da matarsa.

Albishir gare ni, kuma na ƙi faɗa ta waya don na san muryata za ta karye.

Kin fi kowa sanin yadda zazzaɓin bara ya tafi da ɗanɗanona da jin ƙamshina. Mai dafa abinci da ba ya jin gishiri! Wata goma sha ɗaya ina cin kifi kamar mai tauna auduga. Kin tuna ranar da na tuɓe rigar girki na ce mu rufe gidan abincinmu in huta da abin kunya? Sai kika ɗauko cokali, kika tsaya a kafaɗata, kika ce, "Tsoho, bar rakin nan. Hannu naka, harshe nawa. Soya mana." Tun daga ranar babu farantin da ya fita bai bi ta bakinki ba. Wa ya taɓa jin an ara wa mutum harshe? Wace mace ce, in ba ke ba, za ta ɗanɗana romo sau arba'in a yini fuskarta na sake?

Yau da hantsi abokinmu Duane masunci ya leƙo da farin kifi biyu, kamunsa na farko tun da ƙanƙara ta saki tafki. Na ce masa mun rufe sai kin dawo, kuma asara ce a ba ni. Ya ce in baki ba ya ji, ciki ai ba ya tambaya, ya ajiye ya tafi.

Na tsane kifin, na sa gishiri da masoro, na barbaɗa fulawa na karkaɗe. Da man shanu ya yi kumfa a kasko na kwantar da kifin ta wajen fata, ban taɓa shi ba sai da gefensa ya yi launin zuma. Na juya, na kwashe, na rage wuta. Na matse lemon tsami da ɗan na zaƙi, na riƙa jefa man shanu mai sanyi gutsure-gutsure ina kaɗa kaskon, har romon ya yi kauri yana sheƙi. Duk hannu ke aiki, zuciya tana wajenki. Sai na lashi yatsa, don sabo kawai.

Tsami, Ilona! Tsami ya tsaga harshena kamar ranar farko da ruwa ke ɓallewa daga ƙarƙashin ƙanƙara! A bayansa maiƙon man shanu ya biyo a hankali, sannan zaƙin kifin, kowa na sallama kamar dangin da suka daɗe a tafiya. Na zauna kan bokiti na yi kuka, na tashi na cinye duka biyun a tsaye. Kuma kin yi gaskiya da kike yawan cewa gishirina ba ya ji. Dariyar da na yi ni kaɗai, da kin gani.

Amma bari in tona kaina. Da na ɗauki alƙalami, zuciya ta raya mini in ɓoye miki. Idan kin ji na warke, ba za ki koma hidimar baƙi masu cin abinci ki bar ni da murhu ba? Ina zan kai kafaɗar nan da ta saba da ɗuminki? Na daɗe ina juya maganar, na ga ba a saka wa mai gaskiya da ɓoyo.

Don haka roƙo nake, farin watana. Ki dawo, ki tsaya inda kika saba. Na ce wa Duane ya ajiye mana kifi mafi ƙiba ranar Asabar, zan soya miki shi mu ci a faranti ɗaya, karon farko cikin shekara guda da ni ma zan san abin da nake ba ki.

Naki ke kaɗai, da lafiya da rashinta, har ranar da hannun nan zai kasa ɗaga kasko,

Arvo