Na Gyara Banɗaki, Ta Warware Rigata

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara, ko da faɗa za ki haɗa mini da shi. Na rasa wanda zan gaya wa maganar nan bai yi dariya ba. Abokin aikina ɗaya da na gwada gaya wa, sai da ya riƙe ciki, wai bai taɓa jin auren da banɗaki ke neman kashewa ba.

Na daɗe a ƙasar da ba tawa ba, inda sanyi ke shiga har ɓargo. Aikina lodin kwalaye ne a wani ƙaton sito, a tsaye nake yini, in na dawo bayana kamar an yi mini dukan taron dangi. Shekara da shekaru ina fama da takardu har Allah Ya sa matata ta iso bara. Ɗaki ɗaya ne da ɗan kicin da banɗaki. Ranar da ta zo ɗakin bai dame ta ba. Amma da ta buɗe ƙofar banɗakin sai ta tsaya, ta dubi baƙar fumfunar da ta cinye kusurwa, ta dubi tsagaggen madubi, sannan ta dube ni. Na gane abin da kallon ke nufi. A gida ce mata ake yi mijinta na waje yana shan daɗi.

Banɗakin nan in mutum ya buɗe hannuwa ya taɓa bango da bango. Babu taga. Kafin ka rufe ƙofa sai ka janye ƙafa. Na yi wa mai gidan hayar magana har bakina ya gaji, kullum zai turo mutum, mutumin nan har yau yana hanya. Sai na ce zan yi da hannuna. Na daina shiga bas na koma tafiyar ƙasa, na daina sayen shayi a wurin aiki. Na samo ragowar farin fenti da araha, na kankare bango har yatsuna suka yi kanta, na manna irin tayil ɗin robar nan, na sa madubin gwanjo, na ƙera 'yar kanta da katakon da aka yar a sitonmu, na kafa ƙarfen rataye tawul. Duk ranar hutuna a durƙushe ta ƙare, kaina ƙarƙashin famfo. Ban gaya mata don ita nake yi ba. To don wa zan yi? Ni da na shekara nawa ina wanka da fumfunar nan kamar 'yar uwata.

Ita kuma saƙa ta kama. Ba ta jin yaren mutanen nan, sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta koya mata da nuni. Sabon ulu tsada gare shi, don haka sai ta je shagon gwanjo ta sayo tsofaffin rigunan sanyi ta warware su. Zaren yakan fito a murɗe kamar taliya. Sai ta naɗe shi ta wanke ta rataye, ta ɗaura masa robar ruwa a ƙasa don nauyin ya miƙar da shi. A ina ake ratayewa? A banɗakina. In zan yi alwala sai na sunkuya ina ture zare kamar mai ratsa gonar dawa, ruwan sanyi na ɗiga mini a ƙeya. Gashin ulu ya toshe magudana, danshi ya ƙi fita. Da farko takan ce in miƙo hannuwana ta sarƙafa zaren ta dunƙule. Na ce mata hannuwan nan sun yini ɗaukar kaya, ba su da sauran miƙewa. Daga nan ta koma kifa kujera tana amfani da ƙafafunta.

Rigar da ta saƙa mini ja ce mai duhu. Wuyan ya matse, in zan cusa kai sai kunnuwana sun yi zafi, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ga ƙaiƙayi. Tsakani da Allah ba laifinta ba ne duka, ban taɓa tsayawa ta auna ni ba, ashe ina barci take gwada ni da tafin hannu, ni kuwa a gefe ɗaya nake kwana. Sau ɗaya na sa ta zuwa aiki, aka yini ana tambayata ko aron ta na yi a wurin ƙanena. Na ninke na ajiye.

Ranar da abin ya faru, na dawo na tarar ta rataye jan zare jiƙe a ƙarfen tawul da robobin ruwa har uku, wai za ta gyara wuyan ta ƙara mini hula. Ƙarfen ya tsinko da fulastar bango, zaren ya zuba, farin bangona kamar an yanka rago a jikinsa. Anti, na yi magana. Na ce wa ya aike ta, na ce irin rigar nan a gwanjo ba ta kai kuɗin burodi ba, na ce ni ban kawo ta nan don ta mai da mini gida masaƙa ba. Ta ɗauko tsintsiya. Ta share fulastar, ta goge abin da zai gogu. Washegari ta ɗauko rigar ta zauna bakin gado, a gabana, ta ja bakin zare, layi bayan layi har rigar ta ƙare. Ta dunƙule ta zuba a akwatinta.

Yanzu yayanta zai biyo ta nan ƙarshen wata a hanyarsa ta gida, ta ce za ta bi shi ta ga Mama. Ba ta ambaci dawowa ba, ni kuma ban tambaya ba. Na sake cike ramin na sake fenti. Banɗakin ya bushe ƙayau, fari tas kamar asibiti, ba zare ko sili. In na shiga sai in ji kamar a gidan wani nake, in yi sauri in fito.

Shin ni ne da laifi? Wahalar da na sha ba a bakin komai take ba? Ni ba mutum ne mai iya lallashi ba, ban taso na ga ana yi ba. In bar ta ta tafi ta huce, ko yaya zan yi? Na gaji, wallahi.

Naki,
Mai Fenti a Farce

*

Malam Mai Fenti,

Ni ban yi dariya ba, sai dai a wurin hannun rigar, ka yafe mini.

Wahalarka ba ta tafi a banza ba, kuma kana da gaskiya a abu biyu: ba a rataye jiƙaƙƙen zare mai zuba a jikin sabon fenti, kuma ɗakin da ba taga ba ya jure danshi. Duk wanda ya dawo a gajiye ya tarar da aikinsa a ƙasa zai ji zafi. Ya kamata ta tambaye ka kafin ta ɗora wa ƙarfen nan nauyi.

Amma dubi abin da ka rubuto da hannunka. Ka ce ba ka gaya mata don ita kake gyaran ba. To ita me ta gani? Miji mai hutun kwana ɗaya, ya kwashe shi ya kai wa famfo, ya fito yana harare-harare a kan ɗigon ruwa. A ganinta ka yi wa kanka fada ne ka kafa doka. Ita ma ba ta gaya maka cewa a garin da ba ta iya sayen gishiri ba tare da nuni ba, rigar nan ce abu ɗaya da ta iya yi maka wanda ba ka iya yi wa kanka. Fenti ne ya ɓaci, ka rama da kuɗin burodi. Bango ka gyara shi a yini ɗaya. Maganar ce har yanzu ba ka taɓa ba.

Kada ka hana ta zuwa ganin mahaifiyarta, haƙƙinta ne, kuma mai kewar gida ba a tsare shi da faɗa. Abin da ba zan so ba shi ne ta hau jirgi da waccan magana a matsayin ta ƙarshe da ta ji daga bakinka. In ta tafi a haka, hucewar da kake jira za ta iya zama sabo.

Ga aikin da ka iya. Ƙarfen tawul don tawul aka yi shi. Nemi sanda mai ƙarfi, ko da ta tsohon abin goge ƙasa ce, ka gitta ta a saman wurin wanka, nesa da bango, yadda duk abin da ya ɗiga magudana zai bi. Ka sa 'yar raga a bakin magudanar saboda gashin ulu. A riƙa matse zaren a cikin tsohon tawul kafin a rataye, mai launi a wanke shi daban da ruwan sanyi har ya daina zuba, a bar ƙofa a buɗe da rana. Bangon da ke kusa da ruwa, in ka samu hali, fentin mai ya fi, ana goge shi. Ka kafa sandar tun kafin ka ce komai, ka bari ta gani da idonta.

Ga kuma wanda ka ce ba ka iya ba. Ka sayo rigar gwanjo ɗaya, babba, ka ba ta, ka ce kana so a saƙa maka wata, kuma wannan karon a tsaye za a auna ka, ido biyu. In an zo naɗin zare, ka mai da kujerar nan kan ƙafafunta, ka zauna a kai, ka miƙa hannuwanka. Mai riƙe da zare ba ya iya tashi, ba ya iya duba waya, kuma dole ya fuskanci mai naɗi. A nan za ka ce ka yi kuskure, ka ce tun ranar da ta dubi madubin nan ka kasa sukuni, ka ce kana so ta je ta dawo. Ba sai ka iya tsara zance ba, a karkace ma za ta gane, kamar yadda ka gane hannun rigarka.

Ban yi maka alkawarin za ta amsa nan take ba. Mai yiwuwa ta tafi da akwatin. Kai dai ka roƙe ta ta bar maka jan zaren nan a kan kantar da ka ƙera, ka ce aikinsa bai ƙare ba.

Allah Ya huce zukatanku, Ya sassauta maka gajiya, Ya sa wuyan ta biyun ya shige kai lafiya.

Anti