Zulaihat Ba Ta da Laifi a Ciwona

Da sunan Allah. Ni Shafi'u Ɗan Juma, mai tsire a kasuwar Mafara, na rubuta wagga takarda da hannuna, hankalina garas. Duk garin nan an san ni da tsokana, har na taɓa sanar da mutuwata na ɓuya bayan rumbu ina ƙirga masu kuka. Yau ba wasa. Liman Nasidi ya shaida.

Husna, Sadi, ɗiyana, in kun iya karatu ku karanta da kanku.

Na ɗaya. Harsashin 'yan bindiga da ya same ni a hanyar Gidan Goga, mun tafi sayen shanu, a gadon baya ya shiga. Daga ƙirji zuwa ƙasa ba nawa ba ne. Hannuwa sun tsira, amma naman da ke jan numfashi ya yi sanyi. Tari ma, da jariri ke yi kyauta, ya gagare ni.

Na biyu, kuma don shi na ɗauki alƙalami. A asibiti an ba ni wata roba mai ƙwallo uku da tiyo, aka ce in riƙa zuƙa safe da marece har ƙwallayen su tashi, ƙirji ya yi ƙarfi. Abin da wuya, yana sa ni jiri. Sai na gano in na karkata robar a gefen bargo, ƙwallayen kan tashi ba wahala. Wata biyu ina haka. Innarku Zulaihat tana tafi, tana gaya wa likita mijinta ya ɗaga ukun. Ina dariya a ciki, wai na yi musu wayo. Aka sallamo ni. Yanzu murar kwana huɗu ta cika mini ƙirji, majina ta ƙi fita.

Na uku. Baffanku Sanusi ya shigo ya tarar da Innarku ta danna mini ciki da hannu biyu ina kakari, ya rantse kashe ni take, kuma in na mutu zai kwashe ku zuwa Bakura. Yaya Sanusi, likita ya koya mata haka, tarin da ba ni iyawa take yi mini. Ba don hannun nan ba da tuni kun binne ni. Ka yi kaffarar rantsuwarka, ka ba ta haƙuri gaban Dada, uwarmu. Yara su zauna wurin uwarsu.

Na huɗu. Robar a wanke ta a kai wa Tukur na Dosara, maƙwabcin gadona a asibiti, tasa ta fashe. Ni na koya masa karkatawa. A gaya masa inda ta kai ni. Ya riƙe ta tsaye, ko ƙwallo ɗaya ya ɗaga.

Na biyar. Wuƙaƙena da tukubar gasa tsire na Sadi ne in ya girma. Alƙur'anina na Husna. Sauran a raba yadda Allah Ya ce.

Ku yi wasa, ban hana ba, ku jinina ne. Amma kada ku yaudari mai wahala dominku.

Zulaihat, ki yafe mini tafin da na sa ki yi.

Allah Ya yi muku albarka, Ya raya ku cikin imani. Sanusi, gida ɗaya na bari, kada ka mai da shi biyu.